Birkin motata ya yi laushi, sai na taka sau biyu yake kamawa

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla ce 2008. Tun da aka canja mini fad ɗin gaba birkin ya yi laushi kamar ana taka soso. Jiya a cunkoson Ojota saura ƙiris in daki bayan danfo, ga yara a motar. Man birki bai ragu ba. Bakanike ya ce in je kasuwar kayan mota ta Ladipo in sayo masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi. In saya?

Bakanike, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Alhaji, dakata da sayen tukuna. Ka tayar da mota a tsaye, ka taka birki sau uku, ka riƙe ƙafarka a kai. In ya yi tauri ya tsaya cak, iska ce a layi. In kuwa yana nutsewa a hankali har ƙasa, alhali babu yoyo, to robobin cikin masta sun gama aiki. Leƙa bayan kowace taya ma, ko za ka ga jiƙewar mai. Sannan ka tambayi wanda ya canja maka fad ɗin, ya kwance tiyon man birki? Canja fad kawai ba ya shigar da iska.

Direban haya, Mile 12: Ƙari kan na oga, in birkin tayoyinka na baya mai ganga ne, ba mai faifai ba, ja birkin hannu ka gani. In ya tafi sama sosai kafin ya riƙe, shu ne, wato abin da ke matse gangar daga ciki, ya yi nisa da ita, saiti kawai yake so. Don Allah kada ka hau gadar Third Mainland a haka.

Mai tambaya: Na gwada. Yana yin tauri, ba ya nutsewa, birkin hannu kuma lafiya lau. Na kira shi, ya ce e, ya cire tiyon hagu.

Bakanike: To ga ta nan. A fitar da iska a tayoyi huɗun, a fara da ta baya ta dama, wadda ta fi nisa da masta. Kada a bari kofin man birki ya ƙafe ana cikin aikin, in ba haka ba an koma gidan jiya. In man ya yi baƙi a juye shi duka, don yana zuƙar danshi, Legas kuwa ka san laimarta. Duba murfin, in DOT 3 aka rubuta, irin man birkin da za ka saya ke nan, kwalba rufaffiya, a buɗe ta a gabanka.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, oga. Zan sa ya zo gida ya yi, motar ba za ta fita ba.