Musayar waƙa: ƙaryar kamfen da 'yan jarida

Tsohon Alƙalami:
Zaɓe ya matso, an buɗe kasuwar ƙarya,
Ɗan jarida ya jingine alƙalamin gaskiya,
A miƙa masa ambulan, ya shafa wa mutum baƙi,
Ya buga a shafin farko, ko ɗigon kunya.

Mai Rahoto:
Baba, ka haɗa mu duka ka yi mana kuɗin goro,
Mai tono ɓarna shi ke kwana da tsoro,
Mai gidan jarida ke yanke abin da za a buga,
Ni ɗan aike ne, shi za ka je ka yi wa horo.

'Yar Baiti:
Ɗan aike? Yaya, wannan uzuri ya tsufa,
Rediyon RTLM ta Ruwanda a 1994 ta hura wutar masifa,
Kotun duniya ta Arusha ba ta tsaya kan masu gidan ba,
Har mai riƙe makirfo sai da ta ɗaure, ka ji fa.

Gwanin Aruli:
Ƙanwata, ma'ana ta fita, amma ɗango na biyu ya karye. RTLM da 1994 ba sa hawa kowane kari. Kuma "ka ji fa" cikon amsa-amo ne kawai.

'Yar Baiti:
Malam, ana zancen rayuka kana ƙirga gaɓa,
Kawo naka baitin mu auna, in ka taɓa.

Sarkin Tafi:
Allah ya ƙara basira, Hajiya! Kin gama da su.

Mai Rahoto:
Tafinka na jam'iyya ne, ɗan'uwa. Da ɗan takararku aka yi wa sharri kun yi kuka, da aka yi wa na wancan ɓangare ku kuka yaɗa.

Gwanin Aruli:
Har yanzu ina kan bakana. Waƙa ba karatun labarai ba ce. A gyara ɗangon.

Tsohon Alƙalami:
Na dawo a makare, ga amsarka, ɗana:
Tashar Fox News ta Amurka ta yi wa kamfanin na'urar zaɓe Dominion ƙagen maguɗi,
A 2023 ta biya dala miliyan 787 da ɗoriya, tulin kuɗi,
In ƙarya ta fita da manyan baƙaƙe a shafin gaba,
Gyaran ma a sa shi nan, kar a ɓoye shi a ƙasan tallan kiɗi.

Gwanin Aruli:
Baba, da girmanka, kai ma lamba?