Neman kalma: me za mu kira universal jurisdiction da Hausa?

Ɗalibar shari'a, Zariya:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah lauyoyi da masu fassara ku taimaka min. Ina rubuta bayani ne da Hausa a kan shari'ar Hissène Habré, tsohon shugaban ƙasar Chadi, na zo kan abin da Turawa ke ce wa universal jurisdiction na tsaya cak. Ma'anar dai ita ce kotun wata ƙasa ta gurfanar da mutum alhali ba a ƙasarta ya yi laifin ba, shi ba ɗan ƙasar ba ne, waɗanda aka zalunta ma ba 'yan ƙasar ba ne, girman laifin kawai ya ba ta dama, irin su azabtarwa da kisan ƙare-dangi da laifukan yaƙi. Rabin kalmar ba matsala, hurumi muke cewa, kullum muna ji a labarai kotu ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙara. Ɗaya rabin ne ya ƙi zama. Na sa hurumin duniya amma raina bai kwanta ba.

Barista, Kano:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Cire hurumin duniyar nan, duk wanda ya ji kotun duniya zai kawo a ransa, dama kafafen labaranmu sun riga sun cakuɗa kotuna biyun da ke Hague, wato ICC mai hukunta manyan laifuka da ICJ mai raba gardama tsakanin ƙasashe, duk suna ce musu kotun duniya, kar mu ƙara ruɗani na uku. Kuma ita ICC ba da irin wannan hurumin take aiki ba. Yarjejeniyar Rum ta 1998 da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2002 ta ɗaure ta, sai laifin ya faru a ƙasar da ta amince da kotun, ko mai laifin ɗan irin wannan ƙasa ne, ko kuma Kwamitin Sulhu ya miƙa mata batun kamar na Darfur a 2005. Wanda kike magana a kai kuwa kotun cikin gida ce ke miƙa hannu, asalinsa ma daga 'yan fashin teku ne, tunda tsakiyar teku ba ta kowa ba ce aka ce duk ƙasar da ta kama su ta hukunta.

Ɗan Damagaram:
Mu nan compétence universelle muka karanta, kuma batun Habré ba labarin nesa ba ne a wurinmu, Chadi maƙwabta ne. Ya yi mulki daga 1982 zuwa 1990, hukumar binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ta ƙiyasta an kashe mutum 40,000, 'yan sandansa na DDS har wurin wankan ninkaya na zamanin Turawa suka rufe da siminti a Njamena suka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa, La Piscine ake ce masa. Ya gudu Dakar ya zauna shekara da shekaru, an tuhume shi a 2000 sai kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi, Beljiyam ta nemi a ba ta shi a 2005, har sai da kotun ICJ ta ce wa Senegal a Yulin 2012 ko ki yi masa shari'a ko ki miƙa shi. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar. Ni a ganina hurumi marar iyaka ya dace, tunda iyakar ƙasa ba ta tsare shi ba.

Barista, Kano:
Ɗan'uwa kalmarka da daɗin ji amma akwai tarko a ciki. Iyaka a Hausa boda ce kuma maƙura ce, mai sauraro zai ɗauka hurumin ba shi da linzami, alhali yana da shi sosai. A 2000 Kongo ta kai Beljiyam ƙara saboda sammacin kama ministanta na harkokin waje, Yerodia, kuma a 2002 ICJ ta ba Kongo gaskiya, ta ce minista mai ci yana da rigar kariya a kotunan wata ƙasa. Ƙasashe da yawa ma sai wanda ake zargi ya taka ƙasarsu kafin su taɓa shi.

Hajiya mai fassara, Kaduna:
Kafin wani ya kawo gama-gari ko bai-ɗaya bari in riga shi, duka biyun ba su yi ba. Gama-gari ya riga ya koma abin da ba shi da wani muhimmanci, ka ce gama-garin mutane, ga shi kuwa wannan hurumi na manya-manyan laifuka ne. Bai-ɗaya kuma iri ɗaya yake nufi, alhali dokar Jamus daban ta Sifaniya daban. Ni dai game-duniya nake gani, muna da ita tun kaka da kakanni, ruwan dare game duniya. Hurumin game-duniya, wato hurumin ne ya game duniya, ba kotun ce ta duniya ba. Ki faɗa da baki 'yata ki ji, ba ya sarƙe harshe, mai karanta labarai zai iya faɗa sau uku a rahoto ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Malam, Sakkwato:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ni abin da ya faɗo min shi ne farali kifaya, aikin da ke wuyan kowa amma in wasu suka yi ya sauka a kan saura. Ko za a ce hurumin kifaya?

Barista, Kano:
Allah gafarta Malam, tunanin ya yi kusa ƙwarai a wuri ɗaya, yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 wajabtawa ta yi, in mai laifin yana hannunka ko ka gurfanar ko ka miƙa. Amma a wasu laifukan dama ce kawai aka ba ƙasa, in ta so ta yi, kuma nan ne malaman jami'a suka fi sa-in-sa, har Ƙa'idojin Princeton da masana shari'a suka tsara a 2001 ƙoƙarin daidaita wannan ne. In muka sa kifaya mun yanke hukunci a kan abin da su ba su gama yankewa ba. Ina bayan Hajiya.

Matashi daga Kumasi:
Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, ni sunan ne yake min ciwo, game-duniya a ina? An kama Pinochet, tsohon shugaban Chile, a Landan a Oktoban 1998 bisa sammacin alƙalin Sifaniya, ƙarshe aka sake shi ya koma Chile a 2000 wai ba shi da lafiya. Beljiyam ta yi dokarta a 1993, da aka fara kai ƙarar Sharon, firaministan Isra'ila na lokacin, da manyan Amurka sai Amurka ta yi barazanar ɗauke hedikwatar NATO daga Brussels, a 2003 aka soke dokar aka kawo mai rauni. Tarayyar Afirka kanta ta koka a 2008 cewa 'yan Afirka aka fi farauta da shi. Wallahi abin yana ci min rai, mu sa masa suna mai faɗi alhali masu ƙarfi ba ya kai gare su.

Hajiya mai fassara, Kaduna:
Ɗana ban ƙi maganarka ba ko kaɗan, ni ma tana damuna. Amma sunan abin da dokar ke da'awa muke nema, shi ma na Turancin da'awar ya ɗauka. Kuma in ka kira shi game-duniya ka samu abin da za ka riƙe su da shi, ka ce kun ce ya game duniya, to ina na wane? Kar kuma mu manta waɗanda ya yi wa rana, kotun Koblenz a Jamus ta ɗaure Anwar Raslan, tsohon jami'in leƙen asirin Siriya, rai da rai a Janairun 2022, Suwizalan ta yanke wa Ousman Sonko tsohon ministan cikin gidan Gambiya shekara 20 a Mayun 2024, shi kuwa Habré alƙalan Afirka ne suka yi masa shari'a, shugabansu ɗan Burkina Faso.

Ɗalibar shari'a, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na ɗauki na Hajiya, ga yadda na sa: Senegal ta yi wa Habré shari'a ne a ƙarƙashin hurumin game-duniya, wato ikon da kotun ƙasa ke da shi na hukunta manyan laifuka ko da a wata ƙasa aka aikata su. Ƙorafin ɗan'uwanmu na Kumasi ma zan ba shi sakin layi guda. Barista don Allah in jimlar na da gyara ka taɓa min kafin in tura.