Wane suna za mu ba jirgin da ke jefa bam?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubutu da fassara. Akwai kalmar da ta daɗe tana ba mu wahala, wato sunan irin jirgin saman da Turawa ke kira bomber. Duk inda ta fito, a rediyo ko a jarida, sai mu ce "jirgin yaƙi" mu wuce. To amma jirgin yaƙi sunan dangi ne gaba ɗaya. Ƙaramin Spitfire na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, mai inji ɗaya da matuƙi ɗaya, wanda aikinsa farautar jiragen abokan gaba a sama, jirgin yaƙi ne. Lancaster mai inji huɗu da mutum bakwai a ciki, wanda ke ɗaukar bam daga Ingila ya kai Jamus cikin dare, shi ma jirgin yaƙi ne. Haka na kan teku. Wanda bai ga hoto ba, ta yaya zai san wanne ake nufi?

Wasu sun ce a ara kawai, a ce "bomba". Aro ba laifi ba ne, da shi muka samu mota da soja da bam ɗin kansa. Amma a kunnen Bahaushen yau, bayan abin da ƙasarmu ta gani, in ka ce bomba mutum zai zo masa a rai kafin jirgi. Ban goyi bayanta ba.

"Jirgi mai ruwan bama-bamai" daidai ne, kuma kowa zai gane. Matsalarsa tsawo, ba za ka iya maimaita shi sau goma a shafi ɗaya ba. "Majefi" kuwa ya bi ƙa'idar Hausa, amma sai an yi wa mutum bayani, kuma sunan da ke buƙatar tafinta bai cika kama baki ba.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina a cikin shawarwarin shi ne "jirgin dakon bam". Akwai gaskiya a cikinsa, domin Lancaster kusan duk cikinsa rumbun bam ne, tsawon mita 10, har a 1945 aka yi wa wasu kwaskwarima suka riƙa ɗaukar bam guda mai nauyin kusan tan 10. Sai dai ɗan dako kai kaya yake yi ya sauke wa mai shi lafiya. Jirgin da ke kai makamai daga wannan sansani zuwa wancan shi ya cancanci wannan suna.

Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne "jirgin lugude", jam'i "jiragen lugude".

Dalili na farko, rabin aikin an riga an yi mana shi. "Luguden wuta" ya zauna daram a bakin masu karanta labarai, babu wanda zai tambaye ka ma'anarsa. Na biyu, sunan ya dace da yadda aka yi amfani da jiragen. Lugude ba dakan mutum ɗaya ba ne: mata ne suka kewaye turmi guda, wannan taɓarya na tashi waccan na sauka, ba hutu. Haka Birtaniya ta yi wa birnin Kolon na Jamus a daren 30 ga Mayun 1942, jirage sama da 1,000 a jere, wani na bin wani, suka sauke kayansu cikin kamar awa ɗaya da rabi. Da gangan aka tsara haka don masu harbo jirage daga ƙasa da masu kashe gobara su rasa inda za su sa kansu.

Wata malama ta ce lugude abin nishaɗi ne, da waƙa da tafi, bai kamata a liƙa shi a kan abin kisa ba. Na ji nauyin maganarta. Amma ni a ganina sunan yana tilasta wa mai ji ya tuna akwai abin da ke cikin turmin. A Dresden, cikin Fabrairun 1945, mutane kusan 25,000 suka mutu. Su kansu na cikin jiragen ba su tsira ba: cikin mutum kamar 125,000 da suka yi aikin tashi a rundunar jiragen lugude ta Birtaniya, 55,573 sun rasa rayukansu. Sunan da zai ɓoye wannan bai yi wa tarihi adalci ba.

Wani kuma ya kawo Enola Gay, jirgin Amurka samfurin B-29 da ya jefa bam ɗin nukiliya ɗaya tak a Hiroshima ta Japan ranar 6 ga Agustan 1945, ya ce ina luguden a nan? Amsata ita ce suna yana bin aikin da aka saba. Watanni biyar kafin nan, irin waɗannan jirage kusan 300 ne suka ƙone Tokyo a dare guda.

Kada a ɗauka labarin nesa ne kawai. Daga 1940, lokacin yaƙin, aka riƙa kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su, su taso ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su bi ta Sudan har Masar. Sau da yawa jirgin lugude samfurin Blenheim ke gaba yana nuna wa ƙananan hanya. Kakanninmu a Kano sun gan su da idonsu.

Saura kalma ta biyu, don tsofaffin jiragen da suka rage ake lallaɓa su har yau. "Tsohon jirgi" yana kama da abin da ake jiran 'yan jari-bola su kwashe. Ina ba da shawarar "jiragen mazan jiya", tunda da 'yan mazan jiya muke kiran tsofaffin sojojin da suka je yaƙin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka dawo. Sai mu raba su biyu, masu tashi da na ajiya, domin tazarar da ke tsakani babba ce.

Lancaster 7,377 aka ƙera, biyu kacal ke tashi yanzu: ɗaya a sansanin Coningsby a Ingila, ɗaya a Hamilton ta Kanada. A 2014 na Kanada ya tsallaka teku suka tashi tare, jama'a suka yi ta tururuwa. Akwai na uku a East Kirkby, Just Jane, wanda ke tayar da injinansa ya yi tafiya a ƙasa, ana ta aikin mayar da shi sama shekara da shekaru. B-29 masu tashi ma biyu ne a Amurka, FIFI da Doc. Shi Doc a hamadar Kalifoniya aka same shi yashe a filin gwajin makamai na sojan ruwa, aka kai shi Wichita inda aka ƙera shi tun farko, 'yan sa-kai suka yi ta fama da shi har ya sake tashi a 2016. Irin wannan aiki ya wuce "gyara". A kwance jirgi ƙusa-ƙusa, a nemo zanen masana'anta na asali, a ƙera abin da ba a sayar da shi a ko'ina, wannan "farfaɗowa" ne, kuma haka zan riƙa rubuta shi.

Tashin nasu yana da tsada, ba ta kuɗi kaɗai ba. A Oktoban 2019 wani tsohon jirgin lugude samfurin B-17 ya faɗi a jihar Connecticut ta Amurka, mutum 7 suka mutu. A Nuwamban 2022 wani ya yi karo da ƙaramin jirgi a bikin nuna jirage a Dallas, aka rasa mutum 6. Shi ya sa nake ganin waɗanda tarihinsu ba shi da madadi, kamar Enola Gay da ke gidan tarihi a Virginia ko Memphis Belle, shahararren B-17 da ke gidan tarihi a Dayton, gara su zauna a na ajiya. Sauran kuwa a bar su su tashi muddin ana kula da su yadda ya kamata, don yaron da ya ji rugugin injina huɗu a kansa ya fahimci abin da hoto ba zai gaya masa ba.

Mu ma muna da namu na ajiya: Ilyushin Il-28 ƙirar Tarayyar Sobiyet, irin jirgin luguden da sojan tarayya suka yi amfani da shi a yaƙin basasa, yana gidan tarihin yaƙi na Umuahia. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku gwada sunayen nan biyu a bakinku, ku gaya mana ko sun zauna.