Surukata tana warware tarbiyyar da nake yi wa ɗana

Muna zaune a Nima, cikin Accra, a gida ɗaya da mahaifiyar maigidana. Ɗana mai shekara 9 yakan tafi boko da safe, makaranta kuma bayan la'asar, amma duk ranar da na hana shi waya saboda bai yi tilawa ba, sai Hajiya ta kira shi ɗakinta, ta miƙa masa tata, har ta ƙara masa sidi 5 na alewa. Yanzu idan na yi magana, ɗakinta yake kallo kafin ya amsa. Maigidana ya ce in yi haƙuri, wai tsakanin kaka da jika sai Allah, ni kuwa kunya ba za ta bar ni in fuskance ta ba. Don Allah, wace hanya zan bi ba tare da na ci mutuncinta ba?