Wane suna za mu ba wa fly fishing da kifin trout?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Niyu Zilan ya fara koyon kamun kifi a kogin Tongariro, ya kuma roƙi mu samo masa sunan Hausa na abin da Turawa ke kira fly fishing, domin ya iya yi wa mutanen gida bayani.

Shawarar farko da aka kawo ita ce "su da ƙuda", saboda fly na nufin ƙuda a Turanci, ni kuwa ban gamsu da ita ba. Idan Bahaushe ya ji kalmar "su", abin da zai faɗo masa a rai shi ne taru da homa da gora irin na Argungu, alhali kamun da ake yi da sanda da igiya da ƙugiya fatsa muke ce masa. Ƙuda ma babu shi a lamarin, domin gashin tsuntsu da na dabba ake naɗewa da zare a jikin ƙugiya, har su yi kama da ƙwarin da ke ƙyanƙyashewa a cikin kogi.

Akwai wanda ya ce "fatsar bulala", kuma ya lura da abu mai muhimmanci. A fatsarmu nauyin dalma da tana ne ke jan igiya, amma a nan ƙwaron ba shi da wani nauyi, igiyar ce mai kauri, shi ya sa mai kamun ke kaɗa ta gaba da baya a saman kansa har ta miƙe, sannan ya sauke ta a hankali a kan ruwa. Sai dai malamin da ke koyarwa yakan hana ɗalibi fyaɗa ta kamar bulala, don in ta yi ƙara sau da yawa ƙwaron ya tsinke ke nan. Bai dace mu raɗa wa sana'a sunan kuskurenta ba.

Ra'ayina shi ne mu ce fatsar ƙwaro, abin da ake ɗaurawa mu kira shi ƙwaron fatsa, haɗa shi kuma ɗaurin ƙwaro.

Shi kuwa kifin trout, ba tarwaɗa ba ne, ba kuma karfasa ba. Mai ɗigo-ɗigo ne a jiki, kuma sai a ruwa mai sanyi da garau yake rayuwa. Ko a Niyu Zilan baƙo ne, tun da a 1867 aka kai ƙwansa can daga tsibirin Tasmaniya na Ostareliya. "Kifin sanyi" ya yi faɗi da yawa, domin kifayen da ke son sanyi suna da dama, saboda haka gara mu ari sunan mu rubuta shi turawut.