Da wane ma'auni za mu karrama masallatai, makarantu da shagunan da suke ware shara mai amfani?

Abu Sumayya, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Dattawan unguwarmu ta wajen Shara Mansur sun amince cewa bayan Ƙaramar Salla za a yi ɗan taro domin a karrama masallatai, makarantun haddar Alƙur'ani da shagunan da suka dage wajen ware robobin ruwa, gwangwanaye da kwalaye daga sauran shara, maimakon a haɗa komai a jibge a tankin sharar baladiyya, wato hukumar birni. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar masallaci bayan sallar magariba a cikin Ramadan ya ga abin da ake kwasowa: ledar shimfiɗa a naɗe da ragowar shinkafa da ƙwallayen dabino, ga ƙananan robobin ruwa birjik, wasu ko rabi ba a sha ba. A bana wasu masallatai sun ajiye buhuna daban domin robobi, wasu bakaloli, wato shagunan kayan masarufi, kuma suna ɗaure kwalayensu a gefe har mai karɓa ya zo.

An ɗora mini nauyin tsara ƙa'idojin zaɓen, kuma abubuwa biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, da wane ma'auni za a auna, tunda babban masallaci zai tara a dare ɗaya abin da ƙaramin masallacin lungu ba zai tara a mako guda ba? Na biyu, wani dattijo da muke ganin girmansa ya ce aikin da aka yi a ɗakin Allah bai kamata a ba shi takardar yabo ba, gudun riya. Ina neman shawararku.

Bakanon Jidda

Wa alaikumus salam, Abu Sumayya. Allah Ya saka wa dattawan da alheri. Kafin a kai ga ma'auni akwai tambayar da ya kamata ku fara yi wa kowane wuri, wato ina kayan da aka ware suke ƙarewa. Na sha ganin an cika buhu da robobi cikin kyakkyawar niyya, sannan da asuba motar shara ta zo ta haɗa shi da komai ta matse, wahalar ta tashi a banza. Saboda haka kada a karrama kowa sai ya nuna wanda yake miƙa wa kayan, tare da rasit ko takardar sikeli.

Wannan ba neman tsanani ba ne, doka ce ta kai mu nan. Tun daga 2019 akwai cibiyar ƙasa a nan Saudiyya mai kula da harkar shara, wadda ake kira Mawan, kuma dokar shara ta 2021 ta shar'anta lasisi ga mai tarawa, ɗauka ko sarrafawa. Akwai kuma kamfanin SIRC da asusun zuba jari na gwamnati ya kafa a 2017 domin sake sarrafa shara. Mu da yawancinmu ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, bai dace taron alheri ya jawo wa wani tara ba, don haka ku tabbatar mai karɓar kayan yana da izini, shi ma taron ku sanar da umda, wato mai unguwa, tun da wuri.

Game da ma'auni, kada ku dubi yawan kilo kawai. Ku dubi tsabtar abin da aka ware, domin kwalin da mai ya jiƙa ba ya sake sarrafuwa, robar da aka bari da ragowar laban, wato nono, kuma tana ɓata sauran. Ku dubi ɗorewa, ko an ci gaba a Shawwal ko kuwa abin na azumi ne kawai. Gwangwanin lemo kuwa ya cancanci maki na musamman, domin narka tsohon alminiyum yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake buƙata wajen ƙera sabo.

Ummu Hafsa, Madina

Malam Abu Sumayya, ni malama ce a makarantar haddar 'yan mata, kuma ina so in yi magana a kan damuwar dattijon nan, domin ba abin da za a yi watsi da shi ba ne. Riya cuta ce ta zuciyar mai aiki, amma godiya haƙƙi ne da ke kan waɗanda suka amfana. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma a cikin Sahihu Muslim an tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da mutumin da ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, sai ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. A kai wa Baba waɗannan cikin ladabi, ina kyautata zaton zai natsu.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai miƙe ya karɓi takardar. Idan aka kira sunan masallaci, liman ko shugaban kwamiti ne zai taso, alhali wanda ya duƙa yana tsince robobi daga cikin ledar buɗa-baki, yana zuba ragowar ruwansu a bokiti domin bishiyoyin ƙofar masallaci, shi ne ladan ko ma'aikacin shara, wanda sau da yawa ko sunansa jama'a ba su sani ba. Bukhari da Muslim sun kawo labarin baƙar matar da take share masallacin Annabi, wadda da ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an raina lamarinta, da ya ji labari sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Ina roƙo a kira waɗannan mutane da sunayensu a gaban jama'a, kuma idan akwai kyautar kuɗi, ko riyal 200 ne, a danƙa ta a hannunsu.

A makarantu kuma a yi hattara da gasar wanda ya fi tara robobi, domin yara za su fara matsa wa iyaye a sayo ruwan roba don ajinsu ya yi nasara. Mu a wurinmu mun fi yaba wa yarinyar da take zuwa da gorarta tana cikawa a kular ruwan sha. Muna kuma da akwati na daban domin takardun da ke ɗauke da ayoyi da tsofaffin Alƙur'anai, waɗanda ba a haɗa su da kwali, sai dai a miƙa su ga masu kula da su.

Mai Tamis, Jarwal

Ni mai gidan burodi ne, kuma ina ganin an manta da abinci. Binciken da hukumar hatsi ta ƙasar nan ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abinci yana salwanta, abin da ya kai kimanin riyal biliyan 40 a shekara. Mai gidan abincin da yake kiran ƙungiyoyin adana ni'ima su kwashi shinkafar da ba a taɓa ba bayan walima, ko wanda yake shanya ragowar burodi ya ba masu kiwon tumaki, ya fi mai tara kwali rage nauyin tankin shara. A ware musu rukuni nasu.

Abu Sumayya, Makka

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Zan kai wa dattawa cewa a raba masallatai gida biyu, na Juma'a da na hamsus-salawati, a ƙara rukunin abinci, sannan a jinkirta taron zuwa ƙarshen Shawwal domin a ga wanda ya ɗore. Bakanon Jidda, idan ka san wani mai lasisi da yake karɓar robobi kaɗan-kaɗan ba sai an cika mota ba, don Allah ka sanar da ni, domin ƙananan masallatanmu ba su da wurin ajiye buhuna fiye da mako guda.