Neman kalmar Hausa: me za mu kira harm reduction kafin ranar Alhamis?

Malama Hauwa:
Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Akwai wata kalma da ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. An ba ni fassarar wata takardar wayar da kai mai shafi huɗu, wadda za a raba wa ɗaliban manyan makarantu da masu unguwanni a nan Kano, mai ɗab'i ya ce lallai in miƙa masa ranar Alhamis da safe, ranar Asabar kuma za a karanta wani sashe nata a rediyo. Kalmar ita ce harm reduction, kuma ita ce kan takardar. Abin da ake nufi da ita shi ne taimakon da ake yi wa wanda ya riga ya faɗa shan ƙwaya ko giya kuma bai kai ga dainawa ba, domin kada ya mutu ko ya ɗauki cutar da ba ta warkewa kafin ranar da zai daina. Da farko na rubuta "rage cutarwa", amma da na karanta wa ƙanena da ke aji biyu a jami'a sai ya tambaye ni wa yake cutar da wa. Don Allah a taimaka.

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam Malama. A ɗakin labarai "rage illa" muka fi faɗa, in kuma ana son cikawa sai a ce "rage illar shaye-shaye". Tana da sauƙi a baki, kuma mai sauraro ya saba jin "illar shaye-shaye" daga malamai da likitoci, kalma ɗaya ce kawai aka ƙara masa. Ƙanenki ya yi gaskiya, domin "cutarwa" tana neman mai yi da wanda aka yi wa, alhali a nan mutum ɗaya ne yake duka biyun.

Dokta Aminu:
Na goyi bayan "illa". "Lahani" ta fi karkata ga naƙasa a jiki, "ɓarna" kuma za ta kai tunanin mai karatu ga fasadi, sai takardar ta koma wa'azi tun daga kanta. Sai dai ni "taƙaita illa" zan ce, saboda taƙaitawa tana nuna an sa wa abu iyaka da gangan, bisa tsari.

Ustaz Auwal:
Kafin a zaɓi fi'ili, ina ganin ya kamata a duba yadda uban yaro zai ji kalmar. Idan aka ce masa an zo unguwarsu domin a "rage" illar giya, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an yarda a sha, an dai ce a sha kaɗan. Wannan gari ne da Hisba ke fasa kwalaben giya a bainar jama'a, ba za a kawo masa kalma mai kama da izini ba tare da an yi mata shimfiɗa ba. Shimfiɗar kuwa muna da ita. Malaman fiƙihu sun daɗe da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu idan babu makawa sai ɗaya ta auku. Haramcin giya ma daki-daki ya sauka, daga aya ta 219 a Baƙara, zuwa ta 43 a Nisa'i wadda ta hana kusantar salla cikin maye, har zuwa ta 90 a Ma'ida wadda ta rufe ƙofa. Kuma a cikin Bukhari, lokacin da aka hukunta wani mashayi wani daga cikin mutane ya yi masa mugun baki, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kansa. Ba ina cewa giya ta koma matakin farko ba, haramun ce yau da gobe, ina cewa ne a sa wannan a sakin layi na farko kafin kalmar ta bayyana.

Baba Garba:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne an ce ana neman kalmar Hausa, amma aka tashi aka ɗauko "illa" da "lahani", waɗanda duka Larabci ne. An gudu daga aron Turawa an faɗa aron Larabawa ke nan. Hausa tana da hanyarta ta ƙera suna, ta ɗauki fi'ili ta manna masa suna su zama abu ɗaya, kamar yadda muka sami riga-kafi da fasa-ƙwauri da hana-salla. A kan wannan turba nake ba da "rage-cuta". Gaɓa huɗu ce, babu baƙo a cikinta, kuma za ta zauna kusa da riga-kafi kamar wa da ƙani: riga-kafi ga wanda bai fara ba, rage-cuta ga wanda ya riga ya shiga. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Hausa, na san kalmar da yaro zai riƙe.

Malam Nasiru:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Haɗin yana da daɗin ji, kuma kwatancen da riga-kafi ya burge ni. Matsalar ita ce "cuta" fuska biyu gare ta. In na buɗe makirufo na ce "yau za mu tattauna a kan rage-cuta", rabin masu saurare a Kantin Kwari da Singa za su ɗauka shirin tauye mudu ne da algus, domin abin da ake ce wa ɗan kasuwa ke nan, ka rage cuta.

Baba Garba:
Wannan laifin masu rediyo ne da ba sa bayani. Da aka fara cewa "jami'a" ko "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kowa ne ya gane a ranar farko? Ku maimaita ta mako huɗu ku ga in ba ta zauna ba. Amma ku kun fi son abin da ya zo muku a sauƙaƙe, shi ya sa labaranku suka cika da kalmomin da kakata ba za ta gane ba.

Dokta Aminu:
Da girmamawa Baba, in za a kori "illa" saboda asalinta, to sai a haɗa da "lafiya" da "allura" da "lokaci", sai mu ga da me Malama za ta rubuta takardar. Kalmar da ta shiga ƙamusun Bargery tun 1934, kuma tsohuwa a Ƙoƙi take faɗarta ba tare da ta san daga ina ta zo ba, ta zama 'yar gida. Sannan ƙirƙirar kalmar fannu aiki ne da ke da ƙa'ida, akwai cibiyar nazarin harsuna a Jami'ar Bayero da ta daɗe tana yin sa, ba abu ne da mutum ɗaya zai yanke a zaure ba.

Baba Garba:
Zauren da kake rainawa Dokta, a cikinsa aka yi Hausar da kuka kwashe kuka kai jami'a kuka sami digiri da ita. Kalmomi nawa kwamitocinku suka ƙera da suka mutu a cikin kabad? Wa ya kai "a-daidaita-sahu" gaban farfesa kafin ta game gari?

Dokta Aminu:
Wannan misalin ai ni yake taimaka wa, domin mutane ne suka karɓe ta da kansu, babu wanda ya tilasta musu ita mako huɗu a rediyo.

Sista Rabi:
Baba da Dokta, ku yi mini afuwa in shigo, domin ni ce nake karɓar yaran nan idan abin ya ɓaci. A bara an kawo mana wani ɗalibi wajen ƙarfe uku na dare a bayan a-daidaita-sahu, jikinsa sharkaf da ruwa. Ya haɗa tiramadol da sirof, wato maganin tari mai kodin, ya ɗora roci, ƙwayar nan mai sa barci, a kai. Abokan ɗakinsa sun ji yana wani irin minshari tun sha biyu, suka ɗauka barci ne ya yi daɗi, da suka kasa tashinsa sai suka kwara masa bokitin ruwa, suka ɗura masa madara yana kwance rigingine, madarar ta bi ta hanyar numfashi. Awa uku suka ɓata suna shawara, saboda tsoron kada a kira musu 'yan sanda ko a kore su daga makaranta. Da na ɗaga fatar idonsa, baƙin tsakiyar ya tsuke kamar kan allura, leɓensa ya sauya launi, numfashin kuma sai na ƙirga daƙiƙu kafin wani ya biyo. Ya rayu, amma da kyar.

Abin da takardar Malama ke son ta koya wa waɗannan abokan nasa ba shi da yawa: kada a bar wanda ya bugu shi kaɗai, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi a kan gefensa a tanƙwara gwiwar sama domin in ya yi amai ya zubo waje, a garzaya da shi asibiti. Su san cewa haɗa giya ko roci da kodin ko tiramadol shi ne ke danne numfashi, kuma tiramadol mai yawa yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya. Su san akwai maganin da ake kira naloxone wanda ke farfaɗo da numfashin wanda irin su kodin da allurar fenta da hiroyin suka danne cikin 'yan mintoci, amma ba ya aiki a kan giya ko roci, kuma ƙarfinsa yana iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka zuwa asibiti bai faɗi ba. Masu yi wa kansu allura kuma kada su yi tarayya a sirinji ɗaya, saboda ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

To a kan kalma, ga abin da na gani. Mun sha wahala da "ƙanjamau". Kalma ce ta Hausa tsantsa, gajera, ta kuma zauna daram, amma ta zana mutum a rame yana jiran mutuwa, mutane suka riƙa gudun gwaji saboda ita, har aka koma doguwar jimlar da na rubuta a sama. Ina tsoron duk sunan da zai iya komawa laƙabi. Gobe za ka ji yara a layi suna nuna wani suna cewa ga ɗan rage-cuta can. "Rage illa" ba ta da wannan kaifin, ba a iya tsokanar mutum da ita.

Malam Nasiru:
Sista ta taɓo inda ban lura ba. Kuma yawan mutanen da kalmar za ta hau kansu ba kaɗan ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin ƙwayoyi ya fitar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a farkon 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, da suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, ya kuma ba Kano kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma ga shi Sista tana ba mu labarin bara. Shi kansa tsarin da muke nema wa suna ba sabo ba ne a duniya, tun wajen 1984 aka fara musanya wa masu allura tsohon sirinji da sabo a Amsterdam, Liverpool ta biyo baya, mu ne dai bai daɗe da iso mana ba.

Ustaz Auwal:
Na gamsu da hujjar Sista, da sharaɗin kada kan takardar ya tsaya a "rage illa" kaɗai. A ƙara layi a ƙarƙashinsa da zai nuna cewa dainawa ita ce inda aka dosa. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wannan uba zai gane shi nan take, ko da bai gane sauran ba.

Baba Garba:
Maganar laƙabi ta shige ni, ba zan ɓoye ba, domin na ga yadda aka yi da ƙanjamau da idona. Amma ban janye cewa "rage illa" bayani ce ba suna ba, kuma bayani ba ya daɗewa a bakin mutane, za su yanke shi su sa nasu, wataƙila wanda ya fi nawa muni. Ku rubuta abin da kuka ga dama. Ni dai a wurina rage-cuta ce, kuma ina nan zan ji abin da 'yan a-daidaita-sahu za su kira shi nan da shekara biyu.

Dokta Aminu:
Na bar "taƙaita" saboda rediyo, ko da yake har yanzu ina ganin ta fi dacewa a rubutun ilimi.

Malama Hauwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da zan miƙa: kan takarda "Rage illar shaye-shaye", a ƙarƙashinsa "Ceton rai da lafiya kafin a kai ga dainawa". Sakin layi na farko zai ɗauki shimfiɗar Ustaz da karin maganarsa, shafi na uku kuma zan sake gina shi a kan bayanin Sista, in ta ba ni izini, ba tare da abin da zai nuna ko wane ɗalibi ne ba. Baba, na sa riga-kafi a jimlar da ta raba wanda bai fara ba da wanda ya riga ya shiga, domin wannan rabon naka ne. Saura kalma ɗaya da ban ma kawo ba, wato overdose. Na rubuta "shan abin da ya wuce kima", amma ba ta hau kan mai allura ba, tunda shi ba sha yake yi ba.

Sista Rabi:
Na ba ki izini. Su yaran cewa suke yi "ta yi masa yawa" ko "ta fi ƙarfinsa", da haka suke shigo mana.

Baba Garba:
Wannan ma jimla ce ba suna ba, amma dare ya yi, zan kwana da ita. Ke dai 'yata ki tsaya a kan mai ɗab'in nan ya sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, kada a wayi gari an raba wa ɗalibai takarda tana cewa "kwaya".